Na ɗaukaka ƙara kan takardar zama a Amurka: yadda ta kaya

Sana'ata fitar da zoɓo da riɗi zuwa ƙasashen waje. A kasuwar Dawanau na tashi, a hannun kawuna, tun ina ɗan ɗaukar littafin lissafi har na kai ga yanke ciniki da kaina. Karatuna na boko difloma ce ta shekara biyu a fannin kasuwanci, ban ƙara a kai ba. A 2015 na yi wa kamfanina rajista na tsaya da ƙafata. Yawancin zoɓon da muke tarowa daga Jigawa da Katsina da ƙauyukan Kano, Meziko yake tafiya, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Wani daga can yake tsallakawa Amurka a ƙananan ledoji, a kan farashin da in manomin Maigatari ya ji sai ya riƙe baki. Abin da na so shi ne in kafa wurin tacewa da ƙullawa a Hustan, jihar Teksas, in riƙa sayarwa kai tsaye, kuma in zauna a can in kula da shi da kaina.

Ɗan kasuwar Najeriya da ke son zama a Amurka ba shi da ƙofofi da yawa. Cacar biza tun 2013 aka cire mu daga ciki. Bizar masu zuba jari ta E-2 sai ƙasar da ke da yarjejeniya da su, Najeriya kuwa ba ta da ita. Ta EB-5 kuma mafi ƙarancin jarin da ake zubawa dala 800,000 ne, wanda ko na haɗa da gidana ban kai ba. Wadda na ga ta rage mini ita ce EB-2 mai ɗauke da rangwamen da ake kira NIW, wato a yafe maka sharaɗin samun wanda zai ɗauke ka aiki saboda abin da za ka yi zai amfani ƙasar. Daɗinta shi ne kai kake nema wa kanka, kuma kana zaune a Kano ma kana iya shigarwa.

Lauyar da na ɗauka, wata Ba'amurkiya da wani abokin cinikina ya haɗa mu, tun ganawarmu ta farko ta bidiyo ta ce mini shingen biyu ne. Na farko, sai ka cancanci rukunin EB-2 shi kansa: ko dai kana da digiri na biyu, ko digiri na farko da shekara biyar na aiki bayansa, ko kuma ka nuna kana da ƙwarewa ta musamman a kimiyya ko fasaha ko kasuwanci, wadda ta yi wa ta sauran 'yan fagen nisa sosai. Mai difloma irina hanya ta ukun kaɗai gare shi. Shinge na biyu shi ne rangwamen, kuma ana auna shi da wani hukunci na Disamba 2016 da ake kira Dhanasar, sunan wani injiniya mai bincike kan injinan jiragen da ke gudu fiye da sauti. Hukuncin ya ce aikin da za ka yi ya zama mai amfani kuma mai muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya, ka zama kai ne a matsayin da za ka iya kai shi gaba, sannan a ga yafe maka ya fi wa Amurka riba.

Kamar kowa, hankalina ya tafi kan shinge na biyu, domin shi ake ta magana a kai a YouTube. Na farkon na ɗauka cike takarda ne kawai.

Dokar ta jera hujjoji shida na ƙwarewa ta musamman, ana son aƙalla uku. Takardar makaranta da ta shafi fagen. Wasiƙun waɗanda ka yi wa aiki da ke nuna shekara goma cur na cikakken aiki a sana'ar. Lasisin gudanar da sana'ar. Shaidar cewa albashinka ko ladan aikinka ya nuna ƙwarewar. Zama mamba a ƙungiyar ƙwararru. Sai yabo daga 'yan fagen ko gwamnati kan gagarumar gudummawa da ka bai wa masana'antar. Da na karanta sai na ce ai duka shidan ina da su. Lauyar ta ce mu gwada dukansu, amma biyu ne kawai take da natsuwa a kansu.

Wasiƙar shekara goman ita ta fi ba ni aiki. Kawu bai taɓa rubuta wa yaronsa takardar ɗauka aiki ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa. Na same shi a rumfarsa bayan la'asar, yana duba samfurin da wani dillali ya kawo. Ya damƙi zoɓon a tafin hannu ya matse, ya kai kunne yana sauraron ƙarar karyewarsa, ya buɗe hannun ya hura, ya ga yashin da ya rage, ya ce wa dillalin an yayyafa masa ruwa jiya da dare don ya yi nauyi. Dillalin bai musa ba. Wannan ilimin shi ya koya mini, shi nake ci da shi har yau, kuma babu inda aka rubuta shi.

Na yi masa bayani. Ya ce, "To su Turawan ba su yarda kai ɗana ba ne?"

Na ce, "Kawu, ba wannan suke tambaya ba. So suke a rubuta ranar da na fara da ranar da na bari, da irin aikin da nake yi, da awa nawa a mako."

Ya yi dariya ya ce, "Awa? Daga asuba zuwa magariba. Rubuta haka."

Ya faɗa da Hausa na rubuta, aka buga a shagon masu kwamfuta, ya sa hannu da ajami. Duk takardar da ba da Ingilishi take ba sai an haɗa ta da cikakkiyar fassara, mai fassarar kuma ya rubuta shaidar cewa ya iya harsunan biyu kuma bai rage komai ba. Muka yi hakan. Ranar farawa kuwa Kawu da shekarar da ya sake zuwa Hajji yake lissafa ta, sai da muka nemo tsohon fasfonsa.

Sauran takardun sun zo da sauƙi: diflomata, takardar rajistar masu fitar da kaya ta hukumar NEPC, katin ƙungiyar 'yan kasuwa, bayanan banki na kamfani, takardun lodin kwantena, da wasiƙu daga masu sayen kayana a Meziko. Sai tsarin kasuwanci, wanda na biya wani kamfani ya rubuta. Ya fito da launuka da zane-zane, yana cewa zan ɗauki mutum ashirin da biyar aiki cikin shekara biyar. Da na tambayi marubucin inda ya samo adadin, sai ya ce haka ake sakawa.

A tsakiyar 2023 muka shigar da fom I-140, wanda da shi ake neman rukunin EB-2 ɗin. Kuɗinsa a lokacin dala 700, na ƙara dala 2,500 na gaggawa, wanda ke tilasta wa hukumar shige da fice ta USCIS ta ce wani abu cikin kwana 45. Wannan ban da kuɗin lauya. Daidai lokacin ne aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, saboda haka kowace dala da na saya a Wapa ta fi ta makon jiya tsada.

Abin da suka ce cikin kwanakin shi ne a ƙaro hujja, takardar da ake kira RFE. Ana ba da kwana 84, da ƙarin uku idan ta gidan waya aka aiko, kuma ba a ƙara wa'adi ko da kwana ɗaya. Ta bi hujjojina ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da ya rage. Na koma wajen Kawu muka yi wasiƙa ta biyu, wannan karon da wata da shekara, da jerin ayyukan da na riƙe a kowane mataki, da kalmar cikakken aiki ƙarara. Muka amsa. Kafin ƙarshen shekarar hukunci ya fito: an ƙi.

Jami'in ya amince da biyu, difloma da zama mamban ƙungiya. Bai amince da shekara goman ba, yana ganin shekarun da na yi ina yaron shago ba sana'a ɗaya ba ce da wadda zan yi a Amurka. Takardar NEPC ya ce rajistar kamfani ce, ba lasisin mutum ba. Kuɗin da ke shiga asusun kamfani ya ce ba albashina ba ne, kuma ban kawo abin da za a kwatanta da shi ba. Wasiƙun abokan ciniki sun nuna ina cika alkawari, amma ba su nuna na canza wani abu a masana'antar ba. Game da amfanin ƙasa kuma ya yarda kasuwancin abinci abu ne mai amfani, sai dai bai ga yadda shago ɗaya a Hustan zai taɓa fiye da masu sayensa ba, kuma adadin ma'aikatan da ke cikin tsarin kasuwancina ba shi da tushe.

A nan hanya ta rabu uku. Kana iya roƙon ofishin da ya yanke hukuncin ya sake buɗe fayil ɗin saboda sabuwar hujja, ko ya sake tunani saboda ya saɓa doka. Kana iya ɗaukaka ƙara zuwa ofishin sauraron ƙararraki na hukumar, AAO, da ke jihar Meriland. Ko ka bar wannan ka shigar da sabon I-140. Biyun farko duk da fom ɗaya ake yinsu, I-290B, kuma kwana 30 gare ka, 33 idan hukuncin ta gidan waya ya zo. Lauyar ta fi karkata ga a jira a sake sabo. Ni na nace a ɗaukaka, domin maganar shekara goman ta tsaya mini a rai: a ce duk zaman da na yi a Dawanau ba sana'a ba ce? Ga shi kuma a tsakanin nan na samu yarjejeniya da wani mai rarraba kaya a Hustan, wata jarida ma ta yi hira da ni. Na ga ai yanzu hannuna ya fi ƙarfi.

Lauyar ta ce, "Yarjejeniyar nan ba za su kalle ta ba." Na ce mu dai saka.

Fom ɗin kansa gajere ne, amma yana da tarkuna. Ba AAO ake aika shi kai tsaye ba, akwai adireshin karɓa daban, kuma idan ya isa a makare ko ba sa hannu ko kuɗin bai cika ba, mayar maka da shi za a yi alhali kwanakin suna tafiya. Lauya sai ta cike sabuwar takardar wakilci, G-28, ta da ba ta wadatar ba. Dole kuma ka faɗi takamaiman inda hukuncin ya kuskure a doka ko a hujja. Wanda ya rubuta cewa bai gamsu ba kawai, ana iya korar ƙararsa ba tare da an shiga cikinta ba. Na sa hannu da biro a Kano, aka ɗauki hoton shafin aka tura mata. Kuɗin dala 675 ne a farkon 2024, daga 1 ga Afrilu na shekarar ya koma 800. Akwai akwatin da za ka yi wa alama cewa cikakken bayani zai biyo baya cikin kwana 30, shi kuma wannan AAO ake aika wa kai tsaye. Haka muka yi.

Daga nan fayil ba ya wucewa sama nan take. Ofishin da ya ƙi ka shi ke fara sake dubawa, ana sa ran cikin kwana 45, kuma in ya ga dama yana iya janye hukuncinsa ya amince. Nawa bai janye ba, ya tura gaba. AAO kuma burinsu su gama cikin kwana 180 daga ranar da cikakken fayil ya iso hannunsu. Babu kuɗin gaggawa a wannan matakin, babu zaman kotu, ba ka ganin kowa. Ni ina gida ina harkokina, jiran bai hana ni komai ba. Wanda yake cikin Amurka kuwa ya sani cewa ɗaukaka ƙara ba ta ƙara masa izinin zama ko na kwana ɗaya.

A watannin jiran ne na gano AAO suna wallafa hukunce-hukuncensu a shafin hukumar, an goge sunaye. Na mayar da karanta su abin yi bayan isha'i, da ƙamus a gefe. Masu gidajen abinci, masu motocin dakon kaya, masu wuraren motsa jiki, masu ba da shawara kan kasuwanci, kowa da tsarin kasuwancinsa mai alkawarin ma'aikata da haraji. Amsar kusan iri ɗaya ce: muhimmancin fagen da kake ciki daban, muhimmancin abin da kai za ka yi daban. A shari'ar Dhanasar ɗin ma bincikensa aka ce ya shafi ƙasa, koyarwar da yake yi a aji kuwa aka ce ba ta kai ba. Na kuma yi ta cin karo da sunayen wasu tsofaffin hukunce-hukunce biyu. Katigbak, na 1971, ya ce dole ka cancanta a ranar da ka shigar da takarda, abin da ya faru bayan nan ba ya gyara ta. Soriano, na 1988, ya ce hujjar da aka riga aka tambaye ka ba ka kawo ba, ba za a karɓe ta a karon farko wajen ɗaukaka ƙara ba. Tun kafin hukuncina ya fito na san makomar yarjejeniyar Hustan.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ma'anar dubawa daga tushe. AAO ba wuraren da ka yi ƙorafi kaɗai suke dubawa ba, fayil ɗin gaba ɗaya suke ɗauka kamar ba a taɓa yanke komai ba. Kamar ka mayar da buhu kan sikeli ne don kana ganin an rage maka, sai mai awon ya ce a zazzage a tankaɗe tukuna.

Hukuncin ya zo a rabin ƙarshe na 2024, shafuka kaɗan. A kan shekara goma sun ba ni gaskiya: sun ce wasiƙar Kawu ta biyu ta nuna cikakken aiki a cinikin amfanin gona na sama da shekara goma, kuma sana'ar ɗaya ce. Na karanta wannan sakin layin na ji daɗi ƙwarai. Sakin layi na gaba sai suka janye zama mamban ƙungiya da aka riga aka ba ni. Dalilinsu shi ne dokar ta fassara sana'ar ƙwararru da wadda ba a shigarta sai da digiri na farko, ƙungiyar 'yan kasuwa kuwa duk mai rajista da kuɗin shiga yana zama mamba. Lasisi, albashi da yabo suka bar su yadda suke. Yarjejeniyar Hustan da hirar jarida suka ce sun zo bayan ranar shigarwa. Lissafi ya koma biyu, kamar da, illa dai an sauya ɗaya da ɗaya.

Tun da ban kai uku ba, suka ce ba su da bukatar shiga maganar amfanin ƙasa, sun ajiye ta. Kashi mafi yawa na bayanin da lauyar ta rubuta, wanda na biya kuɗi mai yawa a kansa, a kan wannan maganar yake, kuma ba a taɓa ta ba. Sun kuma tuna mini cewa ko da na kai ukun, ba a gama ba. Tun bayan shari'ar Kazarian ta 2010 akwai mataki na biyu, inda ake haɗa hujjojin duka a tambaya ko da gaske mutumin nan ya yi wa sa'o'insa nisa.

A ganina, bisa ma'aunin da suke riƙe da shi, ba a zalunce ni ba. Ma'aunin ne aka yanka wa mutumin da rayuwarsa ke bisa takarda: mai takardar albashi kowane wata, mai ƙungiyar da ke tantance mambobi da jarrabawa, mai masana'antar da ke buga alƙaluman abin da kowa ke samu. Ɗan kasuwarmu yana iya juya kwantena da dama a shekara, kowace ƙafa arba'in na ɗauke da kusan tan 12 na zoɓo, amma bai taɓa yanka wa kansa albashi ba; in yana bukata ya ɗiba, in an samu riba ya ƙara jari. Wa zai kwatanta kansa da shi, kuma a wane littafi? Wanda ya fi kowa sanin zoɓo a Dawanau ko hujja ɗaya daga cikin shidan zai yi wuya ya kawo.

Bayan hukuncin AAO ana iya sake shigar da I-290B a roƙe su su sake buɗewa ko su sake tunani, cikin kwana 30 ɗin nan dai, a kan dala 800. Lauyar ta ce ba mu da sabon abin da ya wanzu kafin ranar shigarwa, kuma ba mu da wata doka da za mu ce sun taka. Kotun tarayya ma ba ta ba ni ƙwarin gwiwa a kanta ba, domin kotun ɗaukaka ƙara da Teksas ke ƙarƙashinta ta yanke a 2023, a shari'ar Flores, cewa bayar da rangwamen NIW ganin damar hukuma ne, alƙali ba ya sa baki. Wannan karon na bi shawararta.

Ƙin amincewa ba ya hana sake nema. Sabon I-140 yanzu dala 715 ne, da ƙarin 300 ga mai nema wa kansa, kuma ranar shigar da shi ita ce sabuwar ranar awo, saboda haka yarjejeniyar Hustan za ta shiga lissafi. A Janairu 2025 hukumar ta ƙara fayyace cewa ƙwarewar da kake da'awa dole ta dace da ainihin aikin da za ka yi, abin da ni bai dame ni ba tun da zoɓon ne dai. Ko an amince ma, a lokacin akwai layi: tun ƙarshen 2022 aka fara sa ranar jira ga rukunin EB-2 har ga ƙasashe irin namu, sannan a je ganawa a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas.

Ban sake shigarwa ba tukuna. Na sa akanta ya yanka mini albashi a rubuce, ana cire haraji, ana binciken littattafan kamfanin duk shekara. Yaran da ke aiki a sitona kowa na ba shi takardar ɗauka mai kwanan wata. Kamfanin Teksas na yi masa rajista, tun da mallakar kamfani a can ba ta bukatar zama, wani abokin hulɗa ne ke kula da kayan in sun sauka. Da na zo sabunta bizar ziyara, fom ɗin DS-160 ya tambaya ko an taɓa shigar da takardar neman zama a madadina. Lauyar ta riga ta gargaɗe ni cewa amsar e ce ko da an ƙi takardar, kuma in tafi da shaidar abin da ke riƙe da ni a gida. Na amsa e, na tafi da takardun sito da na makarantar yara.